Ɓarin hagu da na dama a can cikin ƙwaƙwalwa: me bambancinsu ke nunawa game da taɓin hankali?

A ƙarƙashin ɓawon ƙwaƙwalwa akwai curi-curin ƙwayoyin jijiya, kowanne guda biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama: talamus, futamen, falidum, hifokamfus, amigdala da sauransu. Biyun nan ba sa zuwa kai ɗaya, ko a mai cikakkiyar lafiya. Ƙungiyar masu bincike ta ENIGMA ta auna mutum 15,847 a 2017, ta tarar talamus da futamen da falidum sukan fi girma a hagu, hifokamfus da amigdala kuwa a dama. Kasancewar mutum bahago bai canza komai ba.

Ga yadda ake awon. Akan ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, nau'in T1 mai nuna siffar sassanta, manhaja irin FreeSurfer ta shata iyakar kowane curi ta fitar da girmansa. Sai a cire na dama daga na hagu, a raba da jimillar biyun. Sakamako sama da sifili, hagu ya rinjaya ke nan.

Wahalar tana wajen fassara. A 2016 wani bincike a Japan ya kwatanta masu sikizofireniya (taɓin hankalin da kan sa mutum ji ko ganin abin da babu) 884 da masu lafiya 1,680, ya ga falidum ɗin marasa lafiyar ya fi karkata hagu. Amma tsofaffin magungunan wannan ciwo su kansu suna ƙara girman curin da ke yankin, don haka raba aikin ciwo da aikin magani ba wasa ba ne. Ga shi kuma falidum ba ya fita tangaran a hoton T1, manhajar na iya kuskure iyakarsa. Motsa kai a cikin na'ura ma yana ɓata awo, kuma marasa lafiya sun fi motsi. Kuskure mafi ban haushi shi ne a juya hagu ya koma dama lokacin sauya tsarin fayil, shi ya sa wasu cibiyoyi kan manna ƙwayar bitamin E a gefe ɗaya na kai, ta fito fara a hoton.

A yara masu ciwon waswasi (OCD, mai sa mutum maimaita tunani ko aiki ba da son ransa ba) an ga bambancin karkata a talamus da falidum, a manya ba a gani ba. A ciwon damuwa mai tsanani, wani bincike na 2019 bai samu wani bambanci ba.

Duk inda aka samu bambancin ma, ɗan ƙanƙane ne, sai an tara dubban mutane yake bayyana. Yawancin marasa lafiya alƙalumansu na cikin zangon na masu lafiya, don haka likita ba zai dubi hoton mutum ɗaya ya ce yana da sikizofireniya ba. Inda wannan awo ke aiki a asibiti shi ne farfaɗiya: hifokamfus ɗaya da ya motse yakan nuna ɓarin da take tasowa, kafin a yanke shawarar tiyata.