Lauyan da kake biya na banki ne shi ma: yadda muka sayi gida a Bolton

A Ingila, duk wanda zai sayi gida da bashin banki sai ya ɗauki lauya, wannan kowa ya sani. Abin da ba kasafai ake gaya wa mai saye ba shi ne, lauyan nan da kake biya daga aljihunka mutum biyu yake yi wa aiki a lokaci guda, kai da bankin da zai ba ka bashin. Shi kuwa banki ba kowane lauya yake yarda da shi ba. Kowane banki yana da jerin ofisoshin lauyoyin da ya tantance, in naka ba ya ciki, ko ya fi kowa iya aiki, ba za a tura masa ko fam ɗaya ba.

Mu a 2024 muka shiga wannan harka, ni da maiɗakina, bayan an karɓi tayinmu a kan wani gida mai ɗaki uku a Bolton. Muna da lauyan da muka saba da shi, dattijo mai kirki, shi kaɗai a ofishinsa, kuma ya yi wa 'yan Najeriya da yawa aiki a yankin Manchester. Da na ba dillalin da ke nema mana bashin sunan ofishin, bai ce komai ba sai da ya duba a kwamfuta, sannan ya ce, wannan ba ya cikin jerin bankin da ya fi muku sauƙi. Ba laifi dattijon ya yi ba. Bankuna da yawa ba sa son ofishin da lauya ɗaya tilo ke riƙe da shi, wasu kuma suna cire duk ofishin da bai yi cinikin gidaje da yawa a shekara ba. Tun bayan rikicin kuɗi na 2008, lokacin da aka bankaɗo damfarar bashin gidaje da aka yi da hannun wasu lauyoyi, suka ƙara matse ƙofa. A 2012 bankin HSBC ya taɓa rage jerinsa zuwa ofisoshi 43 kacal, sai da lauyoyi suka tayar da jijiyar wuya sannan ya buɗe wa masu shaidar ingancin nan ta ƙungiyar lauyoyi, Law Society, da ake kira CQS. Yau ma bankuna da dama wannan shaidar suke fara nema.

Hanya uku aka shimfiɗa mana. Ko mu sauya banki, ko mu riƙe dattijonmu bankin ya ɗauko nasa lauyan mu biya su duka biyun, ko mu sauya lauya. Ta biyun ce ta fi daɗin ji saboda kara, amma ƙarin ɗaruruwan fam ne, kuma kowace takarda sai ta bi ta tebur biyu. Na je har ofis na yi wa dattijon bayani, shi da kansa ya ce in tafi inda aikin zai yi sauri. Dillalin gidan ma ya tura mana nasa lauyan yana ta zuga shi, da na tambaya ko ana ba su la'ada a kan hakan, ya amsa da eh. Ba haramun ba ne a dokarsu muddin an bayyana, amma ni dai na fi son wanda ba ya jin nauyin mai sayarwa. Muka samu wani ofis a cikin gari, na sa suka rubuto min a imel cewa suna cikin jerin bankin, na kuma duba sunansu a rajistar hukumar SRA mai kula da lauyoyi.

Matar da ta riƙe fayil ɗinmu tun ranar farko ta faɗa mana gaskiya ba kwana-kwana. Ta ce duk abin da ta gani wanda ya shafi banki, dole ta sanar da banki, in kuma muka hana ta, to sai dai ta ajiye aikin. Akwai littafin ƙa'idoji na UK Finance, ƙungiyar bankuna, da take bi, kashi na farko na kowa da kowa ne, kashi na biyu kuma kowane banki ya cika nasa sharuɗɗan. Na ɗan ji wani iri, kamar a ce waliyyi ɗaya ne zai tsaya wa ango da amarya a ɗaurin aure. Daga baya na gane cewa mafi yawan abin da banki ke tsoro, ni ma ya kamata in ji tsoronsa, domin gidan da ba zai sayu ba a hannun banki, a hannuna ma ba zai sayu ba.

Inda aka sha fama shi ne kuɗin kafin alƙalami. Namu kashi uku ne: ajiyar albashi, kwasar adashin da muke yi da abokan aiki, da gudummawar da yayana ya turo daga Kano. Na albashi bai ɗauki minti biyar ba. Na adashi kuwa, lauyar ta ga kuɗi sun shigo asusuna daga mutane daban-daban a mako guda, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowanne ta sa alamar tambaya. Sai da na rubuta mata yadda adashi yake, na haɗa da jerin zubin da nake yi duk wata, na nuna cewa kuɗina ne suka zagayo suka dawo. Allah ya taimake mu duk ta banki muke zubi. Wanda ke zubin hannu da hannu ya shirya, don babu abin da ke tayar musu da hankali irin tsabar kuɗin da aka zuba a asusu ba takarda.

Na Yaya ya fi wuya. A lokacin Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ke sa wa ido, an saka ta tun Fabrairun 2023, don haka duk kuɗin da ya fito daga can sai an bi diddiginsa. Aka nemi fasfonsa, da bayanan asusunsa na watanni, da shaidar inda ya samo kuɗin, da hanyar da naira ta bi ta zama fam. Sannan ya sa hannu a wasiƙa cewa kyauta ce, ba rance ba, kuma ba shi da haƙƙi ko na taku ɗaya a gidan. Da na karanta masa a waya ya yi shiru, can ya ce, “Yanzu ni in ba ƙanina kuɗi, sai na rantse wa Bature cewa ba zan dawo in ƙwace gida ba?” Na ce, “Yaya, a yi haƙuri, tsarinsu ne.” Ya sa hannu yana mita. Abin da ya cece mu shi ne ta kamfanin tura kuɗi mai rajista ya aiko, akwai rasit. Da ta hannun ɗan canji aka yi irin na ba ni a nan in ba ka a can, ban ga yadda za mu fita ba. Kuma ba kowane banki ke karɓar kyautar da ta fito daga waje ba, ko wadda ba daga iyaye ba, shi ya sa gara a gaya wa dillalin bashi tun kafin ya zaɓi banki.

Akwai wata tambaya a fom da 'yan'uwa ke wucewa da gudu: ka taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya? Da gaske suke, har gidan gado yana ciki. Amsar tana shafar sassaucin Stamp Duty, wato harajin sayen gida, na mai sayen farko, da ƙarin kashi 25 cikin ɗari da gwamnati ke sakawa a asusun ajiya na Lifetime ISA.

Ƙanwar matata tana zaune tare da mu tana karatu. Tunda ta haura shekara 17 kuma sunanta ba ya cikin bashin, ita ma aka kawo mata takarda ta sa hannu cewa in banki ya zo karɓar gida ba za ta ce tana da haƙƙin zama ba. Ta yi dariya ta ce ita da ko gadon da take kwana a kai ba nata ba ne.

Binciken gidan kansa bai ba mu wahala sosai ba. An tambayi ƙaramar hukuma, an tambayi kamfanin ruwa, an duba ambaliya, kuma da yake yankin tsohuwar ƙasar haƙar kwal ce, an duba ko akwai tsohon rami a ƙarƙashi. Matsala ɗaya ta fito: an sauya tagogi amma mai gidan ya rasa takardar FENSA, shaidar cewa an saka su bisa ƙa'idar gini, wadda ake nema ga tagogin da aka saka tun daga Afrilun 2002. Aka rufe gurbin da inshora, mai sayarwa ya biya. Sai dai lokaci ba ya jira, domin banki ba ya karɓar binciken da ya wuce wata shida ranar kammalawa, tayin bashin ma yana da wa'adi. Kafin a yi musayar kwangila kuwa, wato matakin da ke ƙulle ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa, a Ingila kowa na iya fasawa, kuɗin da ka kashe sun tafi.

Ranar da za mu tura kafin alƙalamin, ban yarda da lambar asusun da ke imel ba. Na buga lambar wayar da ke kan wasiƙarsu ta farko, aka karanto min lamba ɗaya bayan ɗaya, na fara tura fam ɗaya, suka tabbatar ya shiga, sannan na tura sauran. 'Yan damfara kan kutsa imel su sauya lambar asusu daidai wannan gaɓar. Bayan musaya, lauyar ta aika wa banki takardar da take tabbatar da cewa mallakar gidan ba ta da tangarɗa, da sa hannun ofishinsu, a kan wannan takardar banki ya saki kuɗi. Ranar wata Juma'a bayan azahar dillalin gidan ya kira ya ce in zo in karɓi makulli.

Rajistar HM Land Registry, hukumar rajistar filaye da gidaje, ta ɗauki watanni kafin ta fito. Da ta zo, sunana da na maiɗakina suna kashi na biyu, sunan banki yana kashi na uku a matsayin mai jingina, kuma zai zauna a nan har ranar da muka gama biya. A makon na yi rajista da tsarinsu na Property Alert, kyauta ne, suna turo saƙo duk lokacin da wani ya nemi taɓa rajistar gidan.