Tazarar haihuwa ga mai ciwon zuciya: a yanke shawara kafin arba'in

Ciki yana ƙara yawan jinin da ke jikin mace da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, zuciya ce kuma za ta riƙa harba shi dare da rana. Lafiyayyiyar zuciya tana ɗauka. Wadda ta raunana takan gaza, galibi a watannin ƙarshe ko kwanakin farko bayan haihuwa, sai ka ga mai jego da haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya barci sai an jera mata matashi uku. A Kano da Zariya da Sakkwato wannan raunin zuciya na bayan haihuwa ba baƙo ba ne, garuruwan suna cikin wuraren da ya fi yawa a duniya.

Akwai matan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a rukunin da ba a son su ɗauki ciki ko kaɗan: mai hawan jinin huhu, mai ƙofar zuciyar hagu da ta tsuke sosai, wadda hoton zuciya na eko ya nuna ƙarfin harba jininta bai kai kashi 30 cikin 100 ba, da wadda ta yi raunin bayan haihuwa kuma zuciyar ba ta koma daidai ba. Ga kuma magungunan kansu. Warfarin, maganin tsinka jini, yana nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, lisinopril da losartan na hawan jini da zuciya kuma suna lalata masa ƙoda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen ƙwayar tazarar haihuwa a kemis. Ƙwayar da aka fi sayarwa tana ɗauke da sinadarin istirojin, wanda ke sa jini ya yi gudaji, ya kuma ɗaga hawan jini. A zuciyar da jini ke tafiya a hankali, ko wadda aka sa wa ƙofar ƙarfe da tiyata, gudan jini ɗaya ya isa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan ƙwayar a bar ta. Akwai wadda ba ta da istirojin, ta masu shayarwa, ba ta cutar da zuciya, amma tana da tsauri: in aka makara fiye da awa 3 kariyar ta karye, sai an haɗa da kwaroron roba na kwana 2. Ga macen da ciki zai iya zama ajalinta, wannan ya yi sakaci da yawa.

A ganina ashanar hannu ce kan gaba. Implanon sanda ɗaya ce, shekara 3. Jadelle biyu, shekara 5. Ana kashe wurin da allura, a tura ta ƙarƙashin fatar damtse cikin 'yan mintoci, kuma ana iya sawa tun kafin a sallami mai jego. Cikin mata 100 ko ɗaya ba ta cika ɗaukar ciki a shekara ba. Matsalarta rikicewar al'ada, ɗigo-ɗigo ko ɗaukewa gaba ɗaya, kuma shi ke sa mata da yawa su je a cire ba da sanin likitan zuciya ba. A faɗa mata tun farko cewa ba jini ne ke taruwa a ciki ba. A kuma duba sauran magungunanta, domin rifampicin na tarin fuka, carbamazepine na farfaɗiya da bosentan na hawan jinin huhu suna rage wa ashana ƙarfi.

Robar mahaifa iri biyu ce. Ta jan ƙarfe tana kai shekara 10, amma tana ƙara jinin al'ada, don haka ba ta dace da mai shan warfarin ko mai ƙarancin jini ba. Mai sinadari kuwa (ba istirojin ba) rage jinin take yi, ita ce ta fi wa irin waɗannan. Haɗarin yana wajen sawa: taɓa bakin mahaifa kan sa bugun zuciya ya sauka, mace ta suma. Ga mai lafiya abin minti biyu ne, ga mai hawan jinin huhu yana iya zama babba, shi ya sa nata sai a babban asibiti.

Allurar wata uku tana aiki, sai dai tana iya riƙe ruwa a jiki, ta tsoka kuma kan tara jini a wurin ga mai shan maganin tsinka jini. Sayana Press ta ƙarƙashin fata ta fi sauƙi ta wannan fuskar. Kwaroron roba kaɗai, kusan mata 13 cikin 100 kan samu ciki a shekara. Azalu, kusan 20. Shayarwa tana karewa ne kawai in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha, al'ada kuma ba ta dawo ba. Wadda aka ba bromocriptine don zuciyarta nononta zai ƙafe, ba ta da wannan kariyar.

In an yi kuskure, ƙwayar gaggawa ta Postinor-2 ba ta da istirojin, mai ciwon zuciya na iya sha cikin awa 72. Mai shan warfarin ta je a gwada tsinkewar jininta bayan kwana biyu zuwa uku.

Ɗaure mahaifa tiyata ce da ke da nata haɗari ga zuciya mai rauni, ya fi sauƙi a haɗa shi da tiyatar haihuwa in dama za a yi. Duk wannan magana a yi ta da maigida a zaune a gaban likita, da takardar eko a hannu, domin mace na iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga al'adarta ta farko bayan haihuwa.