Abin da Damina Ta Tona a Aikina

A watan Afrilu na fara ɗaura na'urar sanyaya ɗaki da hannuna, ba tare da maigidana na tsaye a kaina ba. Wani gida ne a Tarauni, ɗakin wata dattijuwa da ɗanta ya sayo mata AC saboda zafin Kano ya hana ta barci. Na huda bango, na zura bututun jan ƙarfe da tiyon ruwa, na ɗaure, na kunna. Sanyi ya sauko. Hajiya ta yi ta sa mini albarka har na fita zaure.

Wata uku babu wanda ya neme ni. Sai a ƙarshen Yuli ɗan nata ya kira maigidana, ya ce ruwa na zuba a kan gadon Hajiya.

Tare muka je. Fentin bangon ya kumbura, ga layin danshi ya gangaro har kusa da soket. An janye gadon, an ajiye roba a ƙasa, katifar tana jingine a tsakar gida. Maigidana bai ce mini komai ba. Ya buɗe murfin na'urar, ya karɓi butar alwala, ya tsiyaya ruwa a ɗan kwamin da ke tare ruwa a ciki, ya ce in fita in duba bakin tiyo. Na tsaya a waje ina jira, ko ɗigo bai fito ba. Da ya zagayo sai ya sa yatsa a ramin da na huda, ya dube ni ya ce, “Kai yaro, a garinku ruwa na hawa tudu?”

Ramin ya ɗan ɗaga ta waje maimakon ya gangara. Bambancin bai kai kaurin yatsa biyu ba.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda kuskuren ya ɓuya har wata uku. Daga baya na gane dalili. Ba a zuba wa AC ruwa, daga iskar ɗakin yake tatso shi. Iska mai ɗumi tana bi ta kan bututun da suka yi sanyi ƙalau, sai danshin da ke cikinta ya zama raɓa, kamar yadda kwalbar lemo ke gumi idan an fito da ita daga firiji. A bazara iskar Kano a bushe take, abin da ke taruwa kaɗan ne, bai isa ya cika kwamin ba. Da damina ta kankama, iska ta jiƙe, na'urar da ta yini tana aiki sai ta cika bokiti. Ruwan ya nemi hanya bai samu ba, ya dawo ɗaki. Don haka sanyin da na ji a Afrilu rabin aikin kawai ya nuna mini.

Tun daga ranar akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu. Rami ya gangara waje. Tiyo ya sauka aƙalla santimita 1 a kowace mita 1, kada ya yi ciki a tsakiya, kuma idan an naɗe shi da bututun jan ƙarfe, shi ne a ƙasa. Bakinsa kada ya nutse cikin ruwan bokitin da ake tarawa, don hakan ma na hana ruwa sauka.

Ba kullum laifin mai ɗaurawa ba ne. Na sha cire gidan zanzaro daga bakin tiyo, ƙasa a dunƙule kamar an liƙe da hannu, saboda na'urar ta yi watannin hunturu a kashe. Ƙura kuma tana haɗuwa da danshi ta zama wani yauƙi baƙi ya toshe hanya. Idan ragar da ke tace iska ta cushe, iska ba ta wucewa sosai, ƙanƙara ta daskare a ciki, ana kashewa ta narke gaba ɗaya ta yi ambaliya. Wanke ragar duk bayan mako biyu, aikin da ko yaron gida zai yi, yana rage wannan sosai.

Inda raina ke ɓaci shi ne maganar gas, wato sinadarin da ke zagayawa cikin bututun na'urar yana kawo sanyi. Mai AC yana ganin ruwa zai ce, “Malam, ina jin gas ne ya ƙare.” Wasu a cikinmu kuma sai su amsa da to, su ƙara, su karɓi kuɗi, tiyo na nan a toshe. Gaskiya ne ƙarancin gas na iya jawo ƙanƙara, amma gas ba fetur ba ne da ake ƙonawa. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma wurin ne ya kamata a nemo a gyara. Mutumin da ya miƙa maka makullin ɗakin mahaifiyarsa amana ya ba ka.

Ana yawan tambayata ko za a iya shan ruwan, tunda ga shi garau. Ina cewa a'a, ya bi ta kan ƙura da datti kafin ya fito. A ba shuka, a goge daɓe. Kada dai a bar shi kwanaki a buɗe, sauro zai yi ƙwai a ciki.

A gidan Hajiya, ranar muka sauke na'urar, na sake huda ramin, maigidana na kallo. Kuɗin fenti daga aljihuna ya fita, shi ya ce haka za a yi, ban kuma ga laifinsa ba. Da na durƙusa ina ba ta haƙuri sai ta ce, “Ba komai ɗan nan, Allah ya tsare da bai taɓa wutar ba.” Na sake ɗaukar butar na tsiyaya, na fita da sauri. Ruwan ya riga ni isa bakin tiyo, yana sauka a gindin bishiyar lemun tsamin da ke bayan tagarta.