Bin sawun Faransancin Kebek

Na zo karatu birnin Kebek na ƙasar Kanada da Faransancin da na koya a lakkwal a Damagaram, amma sai da kunnena ya daɗe kafin ya saba da lafazin mutanen nan. Da aka ba mu aikin bincike a ajin tarihi, sai na ce bari in bi shi har saiwa.

Littattafai suka ba ni shekaru. Bafaranshe Jacques Cartier ya sauka Gaspé, a gaɓar gabashin Kanada, a 1534, Samuel de Champlain ya kafa Kebek a 1608, Montreal ta biyo a 1642, kuma cinikin fatu da 'yan asalin ƙasar ne ya riƙe su. Sai dai shekaru ba sa faɗin yadda harshe ke zama gida.

Rajistar coci ce ta buɗe mini ido. A nan limamai suke rubuta aure da baftisma da mutuwa, har da garin da ango da amarya suka fito. Wannan daga Normandi, waccan daga Paris, wancan daga Poitou, duk a Faransa. Tsakanin 1663 da 1673 Sarki Louis XIV na Faransa ya aiko 'yan mata kusan 800, da dama marayu ne daga Paris, domin maza sun yi wa matan yawa. A lokacin ƙauyawan Faransa da yawa karin yankinsu suke yi. A nan kuwa aure ya cakuɗa su, 'ya'ya suka tashi da harshe guda. A ganina iyayen nan mata sun fi sarki aiki.

A tsibirin Orléans na ga gonaki dogaye sirara, kowace da bakinta a kogin Saint-Laurent, gidaje a jere kusa da juna. Kogin ne hanya, maƙwabci kuma yana nan kusa.

Ingila ta ci Kebek a 1759, kwamandan Ingila Wolfe da na Faransa Montcalm duk suka mutu a yaƙin, Faransa ta sallama ƙasar a 1763. Dokar da Ingila ta kafa a 1774 ta bar wa mutanen Kebek addinin Katolika da dokokin Faransa na gado da filaye. Hulɗa da Faransa ta yi rauni, lafazin Paris ya ci gaba da sauyawa, na nan ya riƙe wasu tsofaffin siffofi.

Mai son shiga rajistar ya tanadi haƙuri. Rubutun hannun limaman ƙarni na 17 a cukurkuɗe yake, kuma sunan mutum ɗaya kan fito da rubutu iri-iri, wani lokaci a shafi guda.