Ɗinkin matan Haudenosaunee da sunan mai ɗinkin

Jama'a sallama. Kwanan nan hankalina ya tafi kan kayan matan Haudenosaunee, mutanen asalin Amurka ne da Faransawa suke ce wa Irokwa, ƙabilu shida ne a haɗe, Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca da Tuscarora, suna jihar New York da kuma Kanada. Kuma a wajensu iyayen dangi mata su ke zaɓen shugabanni fa.

Kayan da na fi tsayawa a kai na Caroline Parker ne, 'yar Seneca, ta ɗinka su wajen 1849 ga wani mai bincike Lewis Henry Morgan da ke tara wa jihar New York kayan tarihi. Zanen na ulu ne shuɗi mai duhu, ta bi bakinsa da 'yan ƙananan duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya da allura, ta fitar da wasu rabin da'ira a jere waɗanda suke nufin rufin sama, sannan a kusurwa ga wata bishiya ta miƙe da furanni, bishiyar da ke cikin labarinsu na farkon duniya, wallahi duk wadda ta taɓa zama tana jera jigida har idonta ya yi yaji ta san wannan ba aikin sati ɗaya ba ne. Sama riga doguwa, ƙafa kuma abin rufe ƙwauri shi ma da adonsa. Duwatsun na gilas ne daga Turai, kafin su zo da kibiyar beguwa ake adon.

Abin da ya taɓa ni shine an san sunanta, har hotonta akwai sanye da kayan. Mu kuma fa? Banten duwatsu da matan tsaunukan Mandara suka saƙa, wajen Mokolo ɗin nan, suna nan a gidajen tarihin Turai da Amurka, galibi sai ka ga an rubuta arewacin Kamaru kawai, ba sunan mai aikin ba ƙauyenta. Abin yana min ciwo gaskiya.

Ajiyar ma ba tabbas, gobarar da ta tashi a ginin majalisar jihar New York a Albany a 1911 ta cinye kaya da yawa cikin na Morgan. Abin da ya taimaki Haudenosaunee shine matan basu ajiye allurar ba, a ƙarni na 19 suna sayar wa masu yawon buɗe ido a Niagara, yau ma jikokinsu na zuwa gidan tarihi su duba ɗinkin su koma gida su yi. Ina so masu sana'ar hannu na Marwa su samu irin wannan damar, ko da hotuna ne masu kyau a turo musu a waya.