Kwalabar Port Ellen da aka kwantar

Yau a wani shagon gwanjo a Glasgow aka kawo kwalabar wuski ta Port Ellen, wadda aka dafa kafin a rufe masana'antar da ke tsibirin Islay na ƙasar Scotland a 1983. Mai ita ya kwantar da ita a kabad shekara da shekaru, kamar ruwan inabi. Ana taɓa toshiyar sai ta dagargaje, ruwan ma ya sauka ƙasa da kafaɗar kwalaba. Barasa mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari ko fiye cin toshiya take yi. A tsaye ake ajiye wuski, nesa da rana da zafi.

Ƙamshin da ya fito ne ya tsaya mini a rai. Hayaƙin ruɓaɓɓen ciyayin fadama da ake busar da sha'ir da shi, wanda a sabon wuski yake dukan hanci kamar kwalta, shekarun da ya yi a gangar itacen oak sun lafar da shi, ya koma kamar toka da gishirin teku. A ganga kaɗai wuski yake tsufa, kusan kashi 2 cikin ɗari na ƙafewa duk shekara. Da an zuba a kwalaba, shi ke nan. An sake buɗe Port Ellen a 2024, amma da sababbin tukwanen dafa wuski. Wuskin wancan zamanin kuwa raguwa kawai yake yi, ga guda ta tafi saboda toshiya.