Kwandon da hayaƙi ya yi wa lalle

Bara, gab da faɗuwar damina, muka rushe tsohon madafin Kaka a ƙauyenmu na gefen Ringim. Sandunan jinkar nan da kunkunniya ta mayar baƙi ƙirin, da hannuna na kakkarya su aka tuƙa tuwo. Sai makon jiya ƙanena ya turo min hotunan wasu kwandunan Japan, na zauna ina cizon yatsa.

Kwandunan furanni ne, hanakago suke kiran su. Gora ake tsagawa siriri kamar tsinken tsintsiya a saƙa, sannan a saka ɗan bututu mai riƙe ruwa a ciki, a tsoma reshe ɗaya ko biyu. Shi ke nan. Mu da kwando sai ya cika da tattasai har yana zuba muke ganin ya yi amfani.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne gorar da suke ce wa susudake. Daga rufin tsofaffin gidajen manoma ake ciro ta, bayan ta shekara 100 ko fiye hayaƙin murhu yana dukanta, har ta yi ja mai duhu kamar lallen da ya kwana a ƙafar amarya. Inda igiya ta ɗaure ta kuwa hayaƙi bai shiga ba, sai wurin ya zauna da haskensa. Wannan tabon, da mu za mu ce lahani ne, shi ake so.

Sai kuma suna. Hayakawa Shokosai na farko, masaƙin birnin Osaka da ya rasu a 1897, shi ake cewa ya fara rattaba sunansa a gindin kwando, kuma zuri'arsa ta gaji sunan da sana'ar. Kwandon kirki da akwatinsa na katako yake tafe, da rubutun masaƙin a jikin murfi. In akwatin ya ɓata, kuɗin ya faɗi. A 1967 gwamnatinsu ta ɗauki wani masaƙi, Shono Shounsai, ta ce shi kansa dukiyar ƙasa ne. Lloyd Cotsen, Ba'amurken da ya shugabanci kamfanin Neutrogena, ya tara irin kwandunan nan fiye da 800 ya ba gidan adana kayan tarihi a San Francisco.

Da na gama kallo sai na sauko da adudun Kaka daga saman randa. Na kaba ne, bakinsa ya ɗan zare, har yanzu yana ƙanshin turaren wuta. Na juya gindinsa, ba komai sai kashin ɓera.

Na ce, "Goggo, wa ya saƙa wannan?"

Ta ɗaga shi, ta shafa murfin, ta yi shiru jim. "Wata tsohuwa ce mai kawowa ran kasuwa, idonta ɗaya," in ji ta. "Sule biyu Inna ta ba ta, har da ƙarin faifai. Mayar min da shi inda ka ɗauko."